Tashar Roba a Falon Gwaggo

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a can wurin madatsar ruwan da kuke ginawa. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwar nan tawa ta hagu da ta ƙi jinin matakalar bene, kullum sai na lallashe ta kafin mu sauka. Ido kam ya yi sauƙi tunda aka canja min gilashi. Ka ce waya ba ta kamawa a tsaunin naku, to ga takarda, direban motar kayanku ya yarda zai riƙa biyowa yana karɓa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar da za ka tafi cewa ka yi, "Gwaggo, ɗan wani kaya zan bari a wurinki." Ni da na ji ɗan wani kaya, na ɗauka akwati ne da zan tura ƙarƙashin gado. Sai ga ƙarti biyu sun hawo da wani katako mai faɗin ƙyauren ɗaki, an lulluɓe shi da zanen gado kamar mara lafiya, suka girke min shi a kan teburin da nake yankan ɗinki. Bayansa kuma ga wata kabad mai 'yan aljihuna fal da tubalan roba na wasan yara. Yanzu a ƙasa nake yanka yadi, a tsugune, da wannan gwiwar.

Auta, kai fa ba yaro ba ne. Sanƙo ya cinye rabin kanka. Wata mai kawo min ɗinki ta ga kabad ɗin ta ce, "Jika aka kawo miki?" Na ce e, jika ne, har gemu gare shi.

Shekaranjiya da safe na taka guda ɗaya ba takalmi a ƙafata. Na haihu, an cire min haƙori, keke ya taɓa ɗinke min yatsa, amma ban taɓa kiran uwata da ƙarfi irin na ranar ba. Mai gyaran takalmin da ke ƙasan bene sai da ya hawo a guje da guduma a hannu, ya zaci ɓarawo ne.

Duk da haka ubanka Yayana ne, ko da kakanni muka haɗa, ba zan ga kayanka a hargitse in zuba ido ba. Na buɗe aljihunan nan na tarar kowanne launi goma ne a cakuɗe. Na juye su duka a baho, na wanke da garin sabulu, na shanya, na ware maka su tsaf: ja da ja, shuɗi da shuɗi, rawaya da rawaya. Ba sai ka yi godiya ba. Abin da ke ƙarƙashin zanen kuwa ban ɗaga ba, ba ruwana da shi. Ka dai faɗa min ranar da za a kwashe min shi.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggona,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi, tafin ƙafa kuma ya warke. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyin wurin nan da ƙarar injuna. Kullum ina kan tsauni da na'urar awo, iska tana neman tafiya da hulata.

Gwaggo, na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun a zaune. Na gode da wanki, Allah ya saka da alheri. Amma aljihunan nan ba a hargitse suke ba. Mu masu wannan harka ba ma ware tubali da launi, da siffa muke warewa: masu ƙusa biyu wuri ɗaya, masu gangare wuri ɗaya, falle-falle wuri ɗaya. In kina neman ɗan mitsitsin ja a cikin 'yan'uwansa masu siffa ɗaya, kallo ɗaya ya isa. In kuwa a cikin tulin jajaye ne, sai ki wuni kina tono kamar kaza. Shekaru na yi ina wannan warewar. Ba komai. Na fita bayan ɗaki na ɗan yi tafiya, na dawo, yanzu ba komai.

Kuma ba ni kaɗai ba ne babba a ciki. Ƙungiya ce guda. Shugabanmu likitan haƙori ne, akwai alƙali mai ritaya, da matuƙin jirgin sama, da wata malamar lissafi da ta gina asibiti sukutum har da ɗakin tiyata. Muna da wata ƙaramar jarida da ke fitowa duk wata. A ta watan jiya Alƙali da Matuƙi sun cinye shafi biyu suna faɗa a kan wane ruwan toka ne ya fi kama da kwalta, har yanzu ba sa gaisawa.

Duk shekara muna baje kolin gine-ginenmu a babban zauren ɗakin karatu. Tun da na shiga ƙungiyar nan a lungu ake ajiye ni, kusa da bokitin kashe gobara. Bana ne karo na farko da aka ba ni teburin tsakiya, ga shi aiki ya hana ni zuwa. Abin da ke kan teburinki shi za a kai. Likita zai zo ya duba, ranar taron kuma ya zo da mota ya ɗauka. Ki yi haƙuri da shi har zuwa lokacin.

Roƙo ɗaya nake yi. Ki ɗaga zanen nan a hankali, daga gefen taga, ki duba. Ba don komai na kawo shi gidanki ba.

Ɗanki, Auta

*

Auta,

Ina gaishe ka. Gwiwa tana nan da halinta, ƙafa ta warke. Maganar launi da siffa na ji, amma ni dai a idona yanzu kabad ɗin ta fi kyau.

Na ɗaga zanen. Ɗan banza, da ka faɗa min ai da na nemi kujera tukuna.

Tasharmu ce ta jirgin ƙasa. Ga tagar sayar da tikiti, ga tankin ruwan jirgi, ga agogon nan da bai taɓa faɗin gaskiya ba. Ga ɗakin sama mai matakala ta waje inda maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, yake tsayawa yana ba jirgi hannu, wanda ku yara kuke kira Baba Mai Tuta. Har fitilar nan da mota ta buga ta karkace ka karkatar da ita! Kai da hutu kawai ake kawo ka, kana yawo da wando a saɓule, ashe duk kana haddacewa. Ga gidanmu na ma'aikata a baya, da tagar da nake kafa keke. Na tsaya a wurin har shayina ya huce, kuma ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka. Ka san yanzu wurin garejin manyan motoci ne, ko bi ta hanyar ba na yi.

Sai dai ka bar tashar ba kowa, kamar an yi annoba. Na tona kabad na samo wani ɗan mutum mai hula, na ɗora shi a ɗakin sama. Na kuma haɗa benci a bakin dandamali, inda nake zama in jira shi ya tashi daga aiki, na zaunar da wata 'yar mata a kai. Bencin nan sai da ya ci min wuni guda, don ɗan guntun da nake nema ya ɓace a cikin ruwan ƙasa-ƙasa. Kada ka ce komai.

Likitan naka ya zo. Mutum ne mai kirki, amma anya lafiyarsa ƙalau? Safar hannu fara ya sa, ya fito da ɗan burushi yana share rufin tasha yana riƙe numfashi. Na ɗinka wa Malam 'yan tutoci biyu da ƙyalle, ja da kore, ko farcena ba su kai ba. Da ya gansu sai ya dafe ƙirji ya ce, "Mama, ba a sa abin da ba tubali ba." Ya ciro su da ɗan hantsaki kamar yana cire ruɓaɓɓen haƙori, ya laluba aljihunsa ya ba ni na roba. A aljihu fa yake yawo da su, babban mutum da jikoki. Da ya buɗe kabad ya ga aikina kuwa, sai ya nemi ruwan sha.

Yanzu a gaban tashar nake karyawa kullum. Yankan yadi a ƙasa ma na saba, ashe yana miƙe baya. Ba sai an yi gaggawar kwashewa ba.

Gwaggonka

*

Gwaggona,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai mura da ta ɗan taɓa ni ta sake ni. Wasiƙarki ta faranta min rai ƙwarai, har abokin ɗakina ya tambaye ni abin da nake wa murmushi. Bencin ya zauna, Baba Mai Tuta ma ya zauna. Na san da wani abu da ya rage a ginin nan, na rasa gane ko mene ne, ashe ku ne.

Ga yadda za a yi ranar ɗauka. Mutum biyu su kama katakon, kada a karkata shi a matakala. A mota ki zauna kusa da shi in za ki iya. Babban abin tsoro shi ne hanya, don ramuka ba su da imani. Don Allah ki tabbatar ko guda ɗaya bai motsa daga inda yake ba.

Teburinki kuma ya kusa dawowa hannunki. Al'adarmu ita ce in an gama baje koli sai a ɗauki hotuna, a wargaza ginin, tubalan su koma aljihu a sake wani abin da su. Haka kowa ke yi, shi ya sa ba ma gajiya. Ni har na fara zana na baɗi: madatsar ruwan nan zan gina, kuma duk ruwan tokan da ke jikin tashar nake bukata, da rufin, da tankin. Da na dawo, wuni ɗaya ya isa in kwance ta. Kin ga kin huta da tsugunno.

A gaida mai gyaran takalmi, a ce na gode da gudumar.

Ɗanki, Auta

*

Gwaggona,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau, ina fatan ke ma haka, don shirun ya yi yawa. Ruwan sama ya zabtare gefen tsauni ya toshe hanya, motar kaya ta daina zuwa, ban san ko kin amsa wasiƙata ta baya ba, ban kuma san yaushe wannan za ta iso ki ba. Wani mai babur zan ba ya fitar da ita.

Jiya ina cikin awo, ina leƙa na'ura, sai gabana ya faɗi. Na tuna na rubuta miki cewa kada komai ya motsa. Na tuna kuma a ƙasan benenki akwai mutumin da duk matsalar duniya da gam yake maganinta. Shi ne ya liƙe miki hannun buta, shi ne ya liƙe gilashinki na da.

Gwaggo, don girman Allah, kada gam ya kusanci ginin nan. Ko kwalbarsa kada a hawo da ita bene. A wurinmu babu abin kunya kamar wannan. Gini sai ya tsaya da ƙarfin haɗinsa, shi ne gwanintar. Wanda aka kama da gam fitar da shi ake yi daga gasa, kuma tubalin da ya sha gam ya mutu ke nan, ba ya sake amfani. Na san ba za ki yi ba. Kawai dai na kasa cin abinci ne sai na rubuta.

Ɗanki, Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai fatar yatsuna biyu da ta ɗan saɓule, tana kuma tsirowa. Wasiƙarka ta mai babur ta iso jiya, an gama taro da kwana uku. Na karanta, na ninke, na sa a ƙarƙashin keke.

Bari in ba ka labari daga farko. Kai ka ce kada ko guda ɗaya ya motsa. To, ko guda ɗaya bai motsa ba.

Mai gyaran takalmi yana da wani gam mai ruwa-ruwa da ke bin tsaga da kansa. Na wanke 'yar butar man kekena mai dogon baki, muka zuba a ciki, muka bi ginin layi-layi, shi yana haska tocila ni ina ɗigawa. Aiki ya yi kyau, ko alama babu. Sau ɗaya kawai babban yatsansa ya kama a jikin tankin ruwa, muka yi ta fama, yana salati ina ja. In ka duba bayan tankin za ka ga zanen yatsansa, ya ce ya bar maka kyauta. Warin ne ya so ya tona mana asiri, sai na buɗe tagogi na fesa wa tashar turare.

Ranar taro Likita ya zo da mota. Ya sunkuya ya shinshina ya ce, "Mama, tashar nan ƙamshi take." Na ce haka take tun da. A hanya direba ya faɗa wani rami har kaina ya bugi rufi. Likita ya yi ƙara kamar an taka shi, ya ɗaga zane, ya ga ko tuta ba ta karkace ba. Ya ce, "Kai! Wannan yaro gwani ne, dubi ƙarfin haɗi!" Na ce ai gado ya yi.

Zauren ya cika. Manya-manyan mutane da furfura suna rarrafe a ƙasa suna neman abin da bai kai ƙwayar gero ba. Aka ɗora tasharmu a tsakiya, mutane suka yi mata zobe, ni kuma ina gefe da sabon mayafi ina amsa gaisuwa. A teburin da ke manne da namu Matuƙi ya kafa wata hasumiya da ta fi ni tsawo, yana ta hana mutane yin tari kusa da ita.

Sai masu duba gasa suka iso, Likita da Alƙali da Malamar lissafi. Ashe al'adarku ce a ɗage rufi a leƙa cikin gini. Wannan ma ba ka faɗa min ba. Malama ta sa yatsa biyu ta kama rufin, ya ƙi. Ta sa hannu ɗaya, ya ƙi. Ta ajiye jakarta ta sa hannu biyu ta ɗaga da ƙarfi. Auta, tasha ta taso gaba ɗayanta, da dandamali, da tanki, da gidanmu, har da katakon. Gefen katakon ya daki teburin Matuƙi. Hasumiyar nan ta yi rangaji sau ɗaya ta zube, wani yanki har cikin jakata.

Alƙali ya sa farce a tsakanin tubali biyu, ya ɗago ya dubi Likita, ya faɗi kalma ɗaya a hankali kamar mai sanar da rasuwa: "Gam." Wata mata ta rufe wa ɗanta ido. Likita ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a kan bokitin kashe gobara. Ni kuwa na dubi Matuƙi yana tsince-tsince a ƙasa, na ce masa, "Ka gani? Da ka zo wurina da yanzu taka tana tsaye."

Sun fitar da mu daga gasa, suka kai tashar bakin ƙofa. Na cire 'yar takardar da suka kafa mata ta "kada a taɓa", na ce kowa ya taɓa. Yara suka yi ta shafawa har aka tashi. Yanzu tana nan kan teburina lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in dai ana kiran wannan lafiya.

An buɗe hanya, wasiƙarki da jaridar ƙungiya suka iso a mota ɗaya. Muna shafin farko. An sa hoton Malama riƙe da tasha a sama kamar ta ci kofi, a bayanta ga hasumiya tana faɗuwa, a gefe ga ki kina gyara mayafi. Alƙali da Matuƙi sun shirya, yanzu ni suka haɗu a kai. An dakatar da ni shekara guda, kuma Likita ya rubuto cewa in na dawo, lungun bokiti ma sai an duba.

Raina ya ɓaci, Gwaggo, ba zan yi miki ƙarya ba. Shekarun da na yi ina tara ruwan tokan nan guda-guda, duk sun tafi. Madatsar ruwa ta mutu tun ba a haife ta ba. Teburin tsakiya sau ɗaya aka taɓa ba ni. Na san laifina ne da na ce kada komai ya motsa ban yi bayani ba. Amma ke da kika ga mutum ya cire tutar ƙyalle da hantsaki, a ce bai zo miki a rai ba cewa gam zai fi ƙyalle laifi? Ko tambayar Likita ai kya yi.

Ba ni da abin cewa kuma. A gaida mai gyaran takalmi, a ce masa na ga saƙo.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ka, ko da ka sa hannu a wasiƙa ba "ɗanki". Na lura. Yatsu sun warke, gwiwa tana nan.

Ka daina ɗora wa kanka laifi, ba rashin bayaninka ba ne. Ba sai na tambayi Likita ba, shi ya faɗa min da bakinsa tun zuwansa na farko. Yana share rufi ya ce, "Mama, abu ɗaya ne ba a yi a harkar nan, shi ne gam. In aka sa shi, gini ba ya sake rabuwa har abada." A lokacin ban ɗauki maganar da wani muhimmanci ba. Sai da wasiƙarka ta zo, wadda ka ce wuni ɗaya ya isa ka kwance ta, sannan maganar ta dawo min. Layin nan naka na kada komai ya motsa kuwa, fakewa na yi da shi, don in ka yi faɗa in samu abin nuna maka.

Ranar da aka rushe tashar ta gaskiya ina wurin. Malam bai daɗe da rasuwa ba, aka ce an rufe layin dogon, aka ba mu wa'adi mu kwashe kaya. Ina tsaye da keken ɗinkina a bakin titi motar rusau ta sa baki a ɗakin sama. Kafin azahar an gama. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ce komai ba, don ba ni da ta cewa. Ko hoto ɗaya ba ni da shi.

Sai ga shi ka dawo min da ita har falona, na saba shan shayi a gabanta, sannan ka rubuto min da fara'arka cewa za a sake rushewa in huta da tsugunno. Wa ya ce maka na gaji? Wannan karon ina da butar mai da maƙwabci mai gam, shi ne na yi abin da na yi.

Na ɓata maka teburin tsakiya, wannan ya dame ni, kuma ina ba ka haƙuri. Na ba Matuƙi ma haƙuri, na mayar masa da yankin hasumiyarsa da na tarar a jaka. Amma in ka ce in yi nadamar gam ɗin, ƙarya zan yi maka. Ko gobe aka sake, sai na ɗiga.

Gwaggonka, ko kana so ko ba ka so

*

Gwaggona,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ina lafiya. Na karanta wasiƙarki a bakin aiki, na ce wa yaran awo iska ce ta sa min ƙasa a ido.

Ni ne ban yi tunani ba. Ni tubali nake gani, na manta abin da na gina da shi. Tashar taki ce, Gwaggo, da katakon da komai. Ba mai kwance ta, ko da ma ana iyawa. In na dawo zan sa kafinta ya yi miki wani teburin yanka, ya kuma yi wa tashar murfin gilashi saboda ƙura. Madatsar ruwa ta jira, ta gaskiyar ma ba mu gama ba. Kabad ɗin kuma ki ci gaba da tonawa, tunda na ga hannunki ya faɗa. Shekarar dakatarwar nan zan yi ta ne ina mayar da ja cikin 'yan'uwansa.

Tambaya ɗaya. Likita ya rubuto cewa don ya cika rahotonsa ya bi ginin kaf yana gwadawa da farce. Ya ce bai taɓa ganin ɓarna mai tsafta irin wannan ba, komai ya kama, har 'yar matar da ke kan benci. Abu ɗaya kawai ya samu ba gam a ƙafarsa, Baba Mai Tuta. Gam ɗin ne ya ƙare, ko mantawa kuka yi?

Ɗanki, Auta

*

Auta,

Ina gaishe ka, Allah ya yi maka albarka. Gwiwa ta ji labarin sabon tebur, har ta fara sauka bene ba gardama. Murfin gilashin kuwa a yi masa ƙofa ta gefe wadda hannu zai shiga, in ba haka ba ba na so.

Gam bai ƙare ba, har mai gyaran takalmi ya koma da saura. Ya miƙa hannu zai ɗiga wa Malam na buge hannun.

Kullum da safe in na haɗa shayi sai in hawar da shi ɗakin sama, in ba shi tutocinsa. In rana ta yi sanyi kuma in sauko da shi, in zaunar da shi a benci kusa da matarsa. Duk zamanmu da mutumin nan, in na aika a kira shi abinci ya huce, amsa ɗaya ce: a ce mata sai jirgin ƙarshe ya wuce. Kana tsammani zan liƙe shi a wurin aiki? Yanzu ni ke tashinsa, kuma bai taɓa musa min ba.

Gwaggonka